Bashi Hanji Ne, Amma Mutunci Ba Ya Shiga Jingina

Kasuwancin ƙasar Hausa a kan bashi yake tsaye. Dila ya ba mai shago kaya, mai shago ya ba ɗan sari, ɗan sari ya ba mai tebur, mai tebur kuma ya ba matar aure da za ta biya ranar da ta kwashi adashe. Shi ya sa magabata suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Muddin ciniki na tafiya, ba ka jin kan kowa. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Jarin mutane ya narke a hannunsu, alkawura suka warware, mutanen kirki da ba su taɓa cin kuɗin kowa ba suka wayi gari suna ɓuya idan an yi sallama a ƙofar gida.

Ni malamin makaranta ne a Kano, kuma a danginmu da layinmu ni ake kawo wa takarda in karanta. Wannan ne ya jefa ni cikin rigingimun bashi iri-iri a 'yan shekarun nan: na ƙanena, na ɗiyar yayata, na matar wani maƙwabcina da ya rasu, da kuma wanda ya hau kaina ni kaina saboda na tsaya wa wani. Abin da na tsinta a bakin lauyoyi da zaman bencin kotu shi nake so in ajiye wa mai karatu. Kansa guda ne: wanda ake bi bashi, kuɗi ake bin sa, kuma wajibi ne ya biya. Amma 'yancinsa da mutuncinsa da sirrinsa da iyalinsa ba sa cikin lissafin. Na kuma lura cewa wanda ya san haka ya fi saurin fita daga bashi, domin tsoro ne ke sa mutum ya ciwo sabon bashi ya toshe tsoho, ko ya sa hannu a takardar da za ta cinye masa gida.

Caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne

Ƙanena shadda da atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari. Manyan masu sari a wurinsa mutanen Maraɗi da Damagaram ne. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai a watan Maris 2024. Kayansa na can, kuɗinsa na can, shi kuma dilan da ya ba shi kayan yana nan yana jira. Ya biya wani kaso, saura ya gagara. Wata rana da la'asar sai ga wayarsa, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, ina bayan kanta. Alhaji ne ya kawo ni."

A takardar ƙorafin an rubuta "zamba da cin amana". Abin da ake nema a wurinmu kuwa shi ne ya rubuta alkawarin biya cikin mako biyu, mu kuma ajiye takardun gidan gadonmu kafin a sake shi. Na kira wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya. Da ya iso bai ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa rasitan biyan da aka riga aka yi da littafin shago a kan tebur, ya ce wa jami'in: "Yallaɓai, wannan ciniki ne tsakanin 'yan kasuwa biyu. An karɓi kaya da yardar juna, an biya wani abu, saura ya makale. Maganar kotu ce." Ya ambaci sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020. Jami'in ya duba takardun, ya shiga wurin na gaba da shi, kafin isha'i muka fito da ƙanena ba tare da an ajiye takardar gida ba.

Wannan sashe na 32 ya faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don wata taƙaddama da ba ta laifi ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta faɗi haka a sashe na 8, Jihar Kano kuma ta yi tata irin wannan doka a 2019. Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara sun sha nanata cewa 'yan sanda da hukumar EFCC ba 'yan karɓo bashi ba ne. Haka nan doka ta hana kama wani a madadin wani: ba a tsare uba don ɗa ya fito, ba a tsare mata don miji ya kawo kuɗi. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ke nan.

Tsarin Mulkin 1999 ya ƙara da nasa a sashe na 35. Wanda aka kama dole a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a, kuma kotuna sun sha ɗora diyyar a kan wanda ya ingiza 'yan sanda tare da su 'yan sandan. Belin caji ofis kyauta ne. Abin da na riƙe daga ranar shi ne: ka je idan an gayyace ka, ka je da takardunka da wani naka, ka yi magana da ladabi, amma kada ka sa hannu a alkawarin da ka san ba za ka iya cikawa ba don kawai a buɗe maka ƙofa, kada kuma ka miƙa takardar gida ko ta fili.

Ƙanena bai tsira daga bashin ba, kuma bai nemi tsira ba. Shugabannin layinsu a kasuwa suka zaunar da su, aka raba sauran kuɗin kashi-kashi, da iyaka ta buɗe ya cike.

Inda kariyar ta tsaya

Kada wani ya ɗauki wannan magana ya mai da ita garkuwar cin dukiyar mutane. Akwai inda bashi ke rikiɗewa ya zama laifi. Wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya tun farko, ya nuna filin da ba nasa ba ko kwangilar da babu ita, zamba ya yi. Wanda aka ba ajiya ko aka aika da kuɗi ya sayo kaya ya karkatar da su, amana ya ci, kuma dokar laifuka ta Arewa ta tanadi hukuncin duka biyun. Sai maganar cek, wadda 'yan kasuwa da yawa ba su ɗauke ta da nauyi ba. Dokar cek ta 1977 ta ce wanda ya ba da cek, aka kai banki cikin wata 3 ya dawo saboda babu kuɗi a asusu, yana iya fuskantar ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara, sai in ya gamsar da kotu cewa yana da kyakkyawan dalilin zaton za a biya. Saboda haka idan mai bin ka bashi ya ce, "Rubuta mini cek kawai in riƙe," ka san abin da kake miƙa masa.

Manhajar rance da cin mutunci ta waya

Ɗiyar yayata tana sayar da turaren wuta da humra daga gida. Kuɗin sari ya yanke mata, ta ga talla a waya, ta sauke wata manhaja, cikin mintoci kuɗi suka shigo. Tun kafin su shigo an zaftare wani kaso da sunan kuɗin hidima, wa'adin biya kuma mako guda. Da ta makara, sai saƙonni suka fara sauka a wayoyin duk wanda lambarsa ke cikin wayarta: surukarta, malamin Islamiyyarsu, abokan cinikinta, har da ni. An sa hotonta an rubuta ɓarauniya ce ana nemanta. A nawa saƙon cewa aka yi wai ni ne na tsaya mata, in ban biya ba za a kama ni.

Ta zo gidana da daddare tana kuka: "Kawu, na shiga uku, aurena zai mutu." A lokacin har ta ciwo rance a wata manhajar don ta rufe bakin ta farko. Wannan shi ne ainihin abin da masu wannan sana'a ke so. Sun san kunya ta fi ƙarfin mace a cikin danginta, sun san za ta yi komai don kada maganar ta fita.

Abu na farko da muka yi shi ne muka karɓe makamin daga hannunsu. Ita da kanta ta gaya wa mijinta da surukarta gaskiya, ta kuma aika wa mutanenta gajeren saƙo cewa ta ci rance ta makara, tana kan biya, su yi watsi da abin da ake turo musu. Daga ranar barazanar ta rasa kaifi. Na biyu, muka ɗauki hoton kowane saƙo da lambar da ta turo shi da lokacinsa. Na uku, muka rubuta wa kamfanin ta imel cewa ta amince da uwar kuɗin da ta karɓa, tana neman cikakken lissafi a rubuce, kuma su daina tuntuɓar mutanenta. Na huɗu, muka shigar da ƙorafi a Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, da Hukumar Kare Bayanan Jama'a, NDPC. Ta biya ta asusun kamfani, ba ta asusun wani mai kira da ya ce a tura masa a yi ragi ba, ta kuma ajiye shaidar kowane biya.

Ba mu ne farkon masu kuka ba. A watan Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin rance naira miliyan 10 saboda irin wannan tona asiri. A watan Maris 2022 FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu masu manhajar a Legas, a shekarar kuma ta wajabta musu rajista, tana kuma wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. Daga ƙarshen Mayu 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance shiga lambobin waya da hotunan mai amfani. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai. Sashe na 37 na Tsarin Mulki dama ya kare sirrin mutum da wayarsa da saƙonninsa, ɓata suna da tsoratarwa kuma laifuka ne a dokar Arewa.

Ga wanda irin saƙon nan ya same shi game da wani: kasancewar lambarka a wayar mutum ba ta mai da kai mai lamuni. Lamuni sai da yardarka da sa hannunka. Mai karɓar bashi na kamfani kuma ba shi da ikon kama kowa, ba shi da ikon rufe asusun kowa da bakinsa. Takardar "umarnin kotu" da ake turowa ta WhatsApp babu sunan kotu babu lambar ƙara, ka ɗauke ta ka je rajistar kotun da ke kusa ka tambaya.

Sammaci ba a guje masa

Na kaina ya zo ne ta hanyar lamuni. Wani abokin aikina ya karɓi babur mai ƙafa uku a wurin wani ɗan kasuwa, biya wata-wata, ni na sa hannu na tsaya masa. Ya biya fiye da rabi, ciwo ya kwantar da shi, biya ya tsaya. Sai ga ma'aikacin kotu a ƙofar gidana da sammaci daga kotun majistare, sunana a ciki.

Masu ba da shawara suka yi yawa. Wani ya ce kada in karɓa, wani ya ce in karɓa in ƙi zuwa, ai ba ni na ci ba. Lauyan nan ya ce mini: "Malam, shari'ar da ta fi sauƙin ci ita ce wadda wanda ake ƙara bai zo ba." Ya bayyana mini cewa idan an tabbatar sammaci ya isa gare ka ka ƙi halarta, kotu na iya sauraron mai ƙara shi kaɗai ta yanke hukunci a bayan idonka, da duk adadin da ya faɗa. Ƙin karɓa ma ba ya tsayar da komai, domin kotu na iya ba da izini a liƙa takardar a ƙofar gidanka. A babbar kotu akwai wata gajeriyar hanya ta ƙarar bashin da adadinsa sananne ne, inda ake ba ka 'yan kwanaki ka shigar da takardar rantsuwa mai nuna kana da kariya. In ka yi shiru, a yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba. Ya kuma gaya mini abin da ban so ji ba: a dokar kotunan nan, mai bin bashi na iya tsallake wanda ya ci ya yi ƙarar wanda ya tsaya masa, sai dai shi mai lamunin ya juya ya bi wanda ya tsaya wa abin da ya biya.

Na je ranar da aka sa. Da aka karanta ƙara aka tambaye ni, na ce: "Ya mai shari'a, na yarda na tsaya masa, kuma na yarda akwai saura. Amma adadin da aka faɗa ban yarda da shi ba, ina roƙon a kawo lissafi." Wannan jimla guda ita ce ta juya shari'ar. Wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Haka yake a kotun majistare, haka yake a kotun shari'ar Musulunci, inda hujja ke kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Da aka baje littafin mai ƙara a gefen rasitan da matar abokina ta adana a cikin gwangwanin alawa, sai aka ga biyan wasu watanni ba a shigar ba, an kuma ɗora tarar makara da babu ita a takardar yarjejeniya. Ba na zargin mutumin da mugunta, yaran shago ne ke rubutun. Amma da ban je ba, da wannan adadin ya zama hukunci.

Alƙali ya ba mu dama mu sasanta. Muka amince da adadi na gaskiya da abin da za a riƙa biya duk wata, aka rubuta, kotu ta karɓe shi a matsayin hukuncinta. Irin wannan sulhu yana kare kowa: mai kuɗi ya san ranar kuɗinsa, wanda ake bi ya san ba za a ƙara masa ko kwabo ba.

Akwai abubuwa da suka cancanci a sani kafin ranar shiga kotu. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Idan ba ka jin Turanci, ka faɗa a yi maka tafinta, kada ka gyaɗa kai ga abin da ba ka gane ba. Idan an yanke maka hukunci alhali sammaci bai taɓa isa gare ka ba, kana iya roƙon kotun ta jingine shi, amma da gaggawa. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da zartar da hukunci, sai ka nemi umarnin dakatarwa daban. Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi a 2019. An tsara ta yadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya, a kuma gama cikin kimanin kwana 60. Saurin nan alheri ne, amma yana nufin mai jan ƙafa zai iske an gama.

Lissafi a rubuce

Duk rigingimun nan da na shiga, takarda ce ta raba gardama. Ba mamaki ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu kuwa kunya ke hana mu, mu ce ai tsakaninmu babu haka. Ka rubuta adadi da wa'adi da sharaɗi, ka karɓi kwafinka, duk biyan da ka yi ka karɓi rasit ko ka biya ta banki, ranar da ka gama kuma ka karɓi takardar cewa an gama. Wanda ya zo da sunan wakilin mai bin ka bashi, ka nemi shaidar wakilcinsa kafin ka ba shi sisi.

Masu cin rancen banki su san cewa tun 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ya cire bashin da aka kasa biya daga asusunka na wasu bankuna, idan ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rancen. Ƙa'idar ta taƙaita cirewar ga uwar kuɗi da ruwan da ya taru, ban da tarar makara. Idan ka ga an wuce iyaka, ka fara rubuta wa bankin, in bai warware ba ka kai ga sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki. Wata doka ta 2017 ta kuma ba ka damar karɓar rahoton tarihin bashinka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke tattara shi, ka nemi gyara idan an rubuta maka abin da ba ka ci ba.

Doka ta sa wa'adin shigar da ƙarar bashi: shekara 6 a Legas da Abuja, 5 a wasu jihohi, kuma amincewa da bashin a rubuce ko biyan wani kaso na sabunta lissafin. Amfanin sanin wannan shi ne kare kai daga tsohuwar da'awa da shaidunta suka mutu, takardunta suka ɓace. Amma wanda ya san a ransa ana bin sa, wucewar shekaru ba ta sauke masa nauyi a wurin Allah ba.

Bayan hukunci, da bayan mutuwa

Ko mai bin bashi ya yi nasara a kotu, ba shi zai zo da 'yan daba ya kwashi kaya ba. Ma'aikatan kotu ne ke zartar da hukunci, da takardar umarni a hannu, su rubuta duk abin da suka ɗauka. Ana farawa da kayan da ake iya ɗauka. Gida da fili sai an koma kotu an nemi izini. Ba a yin gwanjon kaya sai bayan aƙalla kwana 5, in ba masu lalacewa ba ne. Idan kuɗin banki ake so a tare, sai kotu ta ba da umarnin wucin gadi, a isar da shi aƙalla kwana 14 kafin zama. Abin da ya fi shafar gidajenmu shi ne, kayan wanda ake bi kaɗai ake taɓawa. Kayan ɗakin mace nata ne, gadonta da kujerunta da keken ɗinkinta ba sa biyan bashin miji. In an haɗa da su, tana da damar zuwa kotu ta ce nata ne a sake su, kuma a nan ma rasit da shaidu ke aiki. Kotu na iya tsare wanda aka tabbatar yana da hali ya ƙi bin umarninta na biya, amma wannan hukuncin taurin kai ne bayan bincike, ba hukuncin talauci ba.

Matar maƙwabcina tana cikin takaba wasu suka fara sintiri a ƙofarta, kowa da adadinsa, har da mai cewa ta sayar da 'yan kunnenta. Muka je da limamin unguwa da wan mamacin muka ce duk mai da'awa ya kawo shaidarsa gaban alƙalin da zai raba gado. Wasu suka kawo, aka biya su daga abin da ya bari kafin a raba wa magada, kamar yadda shari'a ta tsara. Wasu ba mu sake ganinsu ba. Bashin mamaci a kan dukiyarsa yake. Matarsa da 'ya'yansa ba a tilasta musu biya daga aljihunsu, sai in sun tsaya masa tun yana raye, ko sun ga dama sun sauke masa nauyi don Allah, wanda kuwa babban alheri ne.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Rashin kuɗin lauya ba ya nufin rashin mafita. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi don marasa ƙarfi. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da sashen karɓar ƙorafi na rundunar 'yan sanda. A Kano akwai cibiyar sulhu ta babbar kotu tun 2009, ga Hisba, ga masu unguwanni da shugabannin kasuwa. Sulhun da aka yi da wuri, tun kafin zuciya ta ɓaci, ya fi araha ga kowa. Saboda haka wanda ya ga ba zai cika alkawari ba, ya riga mai kuɗi zuwa. Ya je da ƙafarsa ya ce, "Alhaji, ga halin da nake ciki, ga abin da zan iya duk wata." Kashe waya da sauya hanya su ke sa mai haƙuri ya nufi caji ofis.

Masu bin bashi ma 'yan'uwanmu ne, da yawansu su ma ana bin su, kuma haƙƙinsu haƙƙi ne. Addinin da ya kira jinkirin mai hali zalunci, shi ne ya yi umarni a aya ta 280 ta Baƙara a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Dokar ƙasa ta buɗe musu kotu mai sauri da hanyar zartar da hukunci. Wanda ya bar wannan hanya ya ɗauko ɗan sanda ko ya shiga tona asiri, yana iya wayar gari shi ake bi diyya.

Ina roƙon shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin sana'a su riƙa gayyato lauya lokaci-lokaci ya yi wa 'yan ƙungiya bayanin waɗannan abubuwa da Hausa, limamai su haɗa maganar rubuta bashi da haƙƙin wanda ake bi a cikin huɗuba, gidajen rediyo kuma su ba ta fili. Mafi yawan waɗanda ake zalunta a harkar bashi ba su taɓa jin cewa doka ta san da su ba, kuma wanda bai ji ba ba zai tambaya ba. Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya ba masu bi haƙuri da adalci.